Jama'a Sun Cika, Ciniki Bai Cika Ba: Da Wane Mudu Ake Auna Nasarar Biki?

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah, manomin shinkafa kuma ɗan kasuwa daga ƙasar Kabi, wanda ya roƙe mu da mu sakaya sunansa, don in ji shi har yanzu bai gama biyan bashi ba. Ga abin da ya ce a taƙaice. Da ya ji an sa ranar bikin kamun kifi na Argungu, sai ya ci bashi ya sa aka gyara masa shinkafa buhu 20, ya yi hayar mota ya kai, ya kama rumfa. Ya ce jama'a kam sun cika maƙil, babu masaka tsinke, amma har aka watse buhu 3 kacal ya sayar. Da ya koma gida ya kunna rediyo, sai ya ji ana cewa biki ya yi armashi, an samu gagarumar nasara. Shi ne yake tambaya: "Malam, don Allah da wane mudu ake auna nasarar nan? Kuma ni in an sake sa rana in koma ko in haƙura?"

To Malam mai tambaya, sannu, Allah Ya mayar da alheri. Tambayarka ba taka ba ce kai kaɗai. Ta mai tuwo-tuwo ce, ta mai tsire ce, ta direban mota da ɗan acaɓa ce, ta duk wanda ke ɗaukar jarinsa ya bi taro, ko na Argungu ne, ko hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau, ko baje kolin Kaduna. Saboda haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Bari mu fara ba bikin haƙƙinsa. An faro shi ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Bayan na 2009 an yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. Abin da ya tsaya a kan irin wannan tushe, ba a auna darajarsa duka da naira. Wannan gaskiya ne. Amma kai ba darajar tarihi ka tambaya ba, buhunanka ka tambaya, kuma kana da gaskiyar tambaya.

Ka lura da wani abu. A bakin Matan Fada, in aka fito da giwan ruwa, ba a tsayawa musu. Sikeli ake kawowa a ɗora a gaban kowa. Shi ya sa har yau za a iya faɗa maka cewa kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Kai, a 2008 ma da aka yi zargin cewa kifin da ya zo na ɗaya ba a nan aka kama shi a ranar ba, sai da aka bincika aka karɓe kyautar. To amma in ka juyo kan jama'ar da suka zo kallo, da kuɗin da suka kashe, sai ka ji mai ba da labari yana cewa "dubun dubatar jama'a", shi ke nan. Kifi an kai shi sikeli, mutane da cinikinsu an bar wa ido. Na san za ka ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya sani mana, in kwano ne a gabansa. In taro ya wuce mutum ɗari biyar, ido ba ya sanin komai sai "da yawa".

Masu shirya manyan bukukuwa na jawo baƙi, wato abin da ake kira yawon buɗe ido, sun daɗe da gane wannan. Suna da wani fanni da za mu iya kira nazarin alƙaluman taro. Kada sunan ya ba ka tsoro. Ba wani abu ba ne illa a ƙirga, a rubuta, a kwatanta da na bara, sa'an nan a gyara na baɗi.

Yaya ake ƙirga taron da ba shi da ƙofa? Akwai wata dabara mai sauƙi da wani malamin aikin jarida mai suna Herbert Jacobs ya fito da ita a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1960. Ofishinsa yana sama, yana kallon filin da ɗalibai ke taruwa suna zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, filin kuwa an shimfiɗa shi gida-gida kamar ramukan dara. Sai ya riƙa ƙirga mutanen da ke cikin 'yan gidaje kaɗan, ya ninka da yawan gidajen. Abin da ya gano, in aka juya shi zuwa mita, shi ne: in taro ya tsaya sakwa-sakwa, kusan mutum 1 ne a kowane murabba'in mita, wato faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. In an matsu, mutum 2 ne da 'yan kai. In an yi cunkoson da ko juyawa ba ka iyawa, kusan 4.

To kai manomi ne, ka san hekta. Mita 100 ce ta kowane gefe, murabba'in mita 10,000 ke nan. Ashe hekta guda in an cika ta sakwa-sakwa mutum 10,000 za ta ɗauka, in an danne ta kamar an cusa gyaɗa a buhu 40,000. Saboda haka duk ranar da ka ji an ce mutum miliyan ɗaya sun taru a wuri, yi lissafinka a zuci: sai an samu hekta 25 an cika ta dam, babu hanya, babu rumfa, babu wurin ajiye mota. Daga nan sai ka dubi filin ka yanke wa kanka hukunci. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, don akwai 'yan ƙananan jiragen nan marasa matuƙi masu ɗaukar hoto daga sama; a ɗauki hoto da hantsi, a ɗauka da azahar, a ɗauka da la'asar, a raba hoton gida-gida a ƙirga. Inda kuwa akwai mashiga, ko gada, ko hanyar da kowa sai ya bi, ai ba a bukatar jirgi. A tsayar da samari biyu da irin ɗan carbin nan na zamani da ake sawa a yatsa ana latsawa, ɗaya na ƙirga masu shiga, ɗaya masu fita.

Sai dai a nan akwai rami, kuma manya ma na faɗawa. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san shi. In kana da yara 40, ka kira suna Litinin zuwa Juma'a, za ka samu amsa 200, amma ba wanda zai ce kana da yara 200. Bikin Argungu kwana huɗu ake yi: ga nunin amfanin gona, ga kokawa da dambe, ga kabanci da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa, sa'an nan ranar ƙarshe a faɗa ruwa. Mutum ɗaya zai shiga ya fita sau goma. In ba a bambance yawan shiga da yawan mutane ba, sai a ba ka adadin da zai sa ka ci bashin buhu 20.

Yanzu mu zo kan zuciyar maganar, ka saurara da kyau. Ba kowane kai da aka ƙirga ba ne mai saye, kuma ba kowace naira da aka kashe ba ce sabuwa a garin. Mutumin Argungu da ya sayi tuwo a bakin ruwa, da ba a yi biki ba ma zai ci tuwo. Kuɗinsa daga aljihun hagu na gari ya koma na dama. Abin da ke ƙara wa gari arziki shi ne kuɗin baƙo, wanda da ba don bikin ba, da a Legas ko Abuja ko Yamai za a kashe shi. Shi ya sa masu wannan nazari ba su tsayawa kan "mutum nawa". Sukan tsayar da matasa da takarda ko wayar hannu a tasha da mafitar fili, su tare mutum ɗaya cikin kowane ashirin ko hamsin da suka wuce, ba zaɓen mai babbar riga ba, su yi masa tambayoyi 'yan kaɗan: daga ina ka zo, don bikin ka zo ko wata hidima ce ta kawo ka, kwana nawa za ka yi, a ina ka kwana, nawa ka kashe kuma a kan me, me ka nema ka rasa, za ka sake dawowa? Minti uku ya isa. In an samu amsar mutum ɗari huɗu ko biyar da aka tara ta wannan hanya, an samu hoton taron gaba ɗaya, kamar yadda kake zura hannu cikin buhu ka ɗebo tafi guda ka san irin shinkafar.

Bari mu yi lissafi na misali, ka riƙe cewa misali ne na ƙirƙira don fahimta, ba alƙaluman wani biki ba ne. A ce mutum 50,000 suka halarta. A ce 40,000 'yan gari ne da ƙauyukan kewaye, 10,000 baƙi. Cikin baƙin nan a ce 7,000 sun zo da safe sun juya da yamma, kowanne ya kashe naira 5,000 a abinci da ruwa da ɗan tsaraba: naira miliyan 35 ke nan. Sauran 3,000 sun kwana biyu, kowanne ya kashe naira 30,000 a masauki da abinci da zirga-zirga: naira miliyan 90. Ka gani? Mutum 3,000 da suka kwana sun ninka 7,000 da suka juya fiye da sau biyu. Ashe in kwamitin shirya biki na son amfanin gari, abin da zai sa a gaba ba ƙarin kawuna ba ne, ƙarin kwana ne: masauki mai tsabta, ruwa da makewayi, tsaro da dare, da abin kallo da zai sa baƙo ya ce bari in ƙara yini guda, kamar gidan tarihi na Kanta da ke cikin garin. Baƙon da ya sauka filin jirgin sama na Birnin Kebbi, ya kwana can ko a Sakkwato, ya zo da abincinsa cikin mota, ya kalli kamun kifi na awa guda ya juya, jiha ta amfana da shi, amma mai rumfa a Argungu ƙurarsa kawai ya sha.

Ko kuɗin da aka kashe a cikin garin ma, ba duka ke kwana ba. In lemon kwalba daga Kano aka kawo shi, rumfunan haya daga Abuja, masu dafa abincin manyan baƙi daga wani gari, to kuɗin ya shigo ta ƙofa ya fice ta taga. Tulu mai yoyo ke nan. Kifi da shinkafa da tabarma da kilishi da aka yi a nan, su ne kuɗinsu ke zagayawa daga hannun mai saye zuwa manomi zuwa mai sussuka zuwa mai amalanke. Wannan ma ana iya ƙirga shi, in aka rubuta kowace rumfa daga ina mai ita ya zo, kuma daga ina kayansa suka fito.

Na san wani zai ce, Malam, yanzu ai zamanin waya ne. Haka ne. Kamfanonin waya na iya sanin yawan wayoyin da suka hau kan ƙarfen sabis na wani yanki a ranar biki, su kwatanta da ranar da ba biki, har su san daga waɗanne jihohi layukan suka saba zama. Masu POS kuma littafinsu na nuna sa'ar da aka fi cirar kuɗi. Duk wannan na da amfani matuƙar jimla aka bayar ba sunayen mutane ba, don tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a. Amma ni ban cika sakin jiki da shi shi kaɗai ba. Ɗan kasuwa ɗaya na riƙe da layi uku, yara da tsofaffi da mata da yawa kuwa ba su da ko ɗaya. Su kuma masu ƙirga yawan waɗanda suka kalli hoton biki a Facebook suna murna, sai mu ce madalla, talla ce mai kyau, amma ba a taɓa biyan kuɗin rumfa da ita ba.

Akwai inda ƙirgar nan ta wuce maganar ciniki ta zama maganar rai. Masana cunkoso sun nuna cewa in mutane a tsaye suka haura 4 zuwa 5 a murabba'in mita, an fara shiga haɗari, mutum ba ya iya tafiya da ƙafarsa sai inda taro ya kai shi. Alhazanmu shaida ne. Hajji ibada ce, ba biki ba, amma ta fuskar sarrafa taro babu makarantar da ta fi ta. Bayan turmutsitsin wurin jifa na watan Janairun 2006, inda sama da mutum 340 suka rasu, masana sun zauna sun yi nazarin hotunan bidiyo na wurin, suka ga yadda tafiya ke rikiɗewa kafin a fara faɗuwa. Aka gina gada mai hawa-hawa, aka mayar da hanya ta shiga daban ta fita daban, aka ba kowane ayari lokacinsa. Kuma kowace shekara hukumar ƙididdiga ta Saudiyya na fitar da adadi har zuwa mutum na ƙarshe: 1,833,164 a 2024, sai 1,673,230 a 2025. Bakin kogi da ke da gangare da laka, ga yara, ga dubban masunta na gudu da homa da gora da zarar an ba da alama, ya cancanci a san mutum nawa kowane ɓangare zai iya ɗauka.

To, duk wannan aikin kwamiti ne da hukuma. Kai fa? Kai ma kana da naka nazarin, kuma littafin rubutu irin na 'yan firamare ya ishe ka. A ganina ba rashin jama'a ne ya kayar da kai ba, rashin sanin su wane ne jama'ar. Duba: 'yan gari da na kewaye, kusan kowa na da shinkafa a rumbu ko ya san inda zai saya da sauƙi ranar kasuwa. Baƙon da ya zo a motar haya, an matse shi su huɗu a baya, ina zai sa buhu mai kilo 50? Manyan baƙi masu motoci kuwa daga rumfar manya sai mota, ƙila ko hanyar rumfarka ba su bi ba. Da ka ƙulla ta kilo biyar-biyar ko kwano-kwano a leda mai kyau da mutum zai riƙe a hannu ya kai tsaraba, da labarin ya sha bamban. Da kuma ka haɗa kai da mai dafawa, buhu biyu su zama dafa-duka da kifi a faranti, da wataƙila su biyun sun fi ukun nan kawo kuɗi.

Ga abin da za ka riƙa rubutawa. Tun kafin biki, rubuta cinikin da kake yi a mako na yau da kullum a kasuwarku, don shi ne ma'auninka; in ba ka san shi ba, ba za ka taɓa sanin ko biki ya ƙara maka ko ya rage ka ba. Rubuta duk abin da ka kashe: kuɗin mota zuwa da dawowa, 'yan dako, rumfa, abincinka, wurin kwana, da ranakun kasuwa ko na gona da ka rasa. Mutane da yawa na mantawa da wannan na ƙarshe, alhali shi ne ya fi ciwo. A wurin biki kuma ka ja layi uku, safe da rana da yamma, duk wanda ya saya ka yi ɗan zane. Wanda ya taya bai saya ba, shi ma yi masa nasa zanen a gefe, ka tambaye shi dalili cikin raha: tsada ce, nauyi ne, ko sabis ne ya ɗauke ya kasa tura kuɗi? Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma biya ta waya, kuma inda taro ya yi yawa sabis kan yi nauyi. In mutum goma suka tafi saboda wannan, to ka san ba shinkafarka ce ke da laifi ba. Abin da aka tambaye ka ba ka da shi, wannan ka ja masa layi biyu, don shi ne hajarka ta gaba.

In ku 'yan rumfa ashirin ko talatin kuka yi haka, kuka haɗa littattafanku ta hannun shugaban ƙungiyarku ko sarkin kasuwa, kun samu abin zuwa gaban kwamiti da shi. Maimakon "ranka ya daɗe, ba mu yi ciniki ba", sai ku ce rumfunan da ke kan hanyar tasha zuwa bakin ruwa sun sayar da kaza, na bayan fili sun sayar da kaza, muna roƙon a juya hanyar masu ƙafa ta bi ta tsakiyar rumfuna, a ajiye motoci ta can ƙarshe. Ku roƙi a sanar da ranar biki da wuri, kuma bayan an gama a buga alƙaluma kowa ya gani: baƙi nawa, daga ina, kwana nawa, nawa aka kashe wajen shiri. Kuɗin jama'a ne ake sawa, ba laifi ba ne a tambaya cikin ladabi.

Game da ko ka koma, shawarata ita ce ka koma, amma ba da kuɗin bashi ba, kuma ba da buhu 20 ba. Tafi da 4 ko 5, akasarinsu a ƙulle ƙanana, ka bar sauran a gida inda ɗan'uwa zai iya ɗoro maka a mota in ka buga waya. Je ka kwana ɗaya kafin a fara, ka tsaya ka ga ta inda ƙafa ke bi kafin ka biya kuɗin rumfa. Ragowar buhu 17 ɗin nan kuwa, in har suna nan, a ɗaga su daga ƙasa a kan katako, a nisanta su da bango saboda danshi da ɓera, ka riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan kana rage wa mai bashi, kada ka karyar da su rana ɗaya don haushi.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da suka iso, musamman ta 'yar'uwarmu mai sayar da fura da nono da ke tambaya kan kuɗin rumfa, suna nan a ajiye sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Duk wanda ya gwada riƙe littafin nan a wani taro, ko na sallah ne ko na baje koli, ya rubuto mana abin da ya gani mu karanta wa jama'a.